Littafin mai bincike ko wasansa na rediyo: amsa ga Malama

Malama, kin tambayi wanda za ki zaɓa tsakanin littafin labarin mai bincike na barkwanci da wasan rediyon da aka ciro daga cikinsa: ki ɗauki wasan.

Dalilina shi ne dariyar irin wannan labari a murya take zaune. Mai binciken da ke cika baki alhali yaronsa ne yake gano ɓarawo, da maigadin da ke rantsuwa bai runtsa ba, duk sai an ji yadda suke jan magana da inda suke yin shiru kafin abin ya kama mutum. Haka kuma alamun da ake bi a kamo mai laifi sukan koma sauti, kamar ƙarar ƙyaure ko takun takalmi ko tarin da aka ji a bayan katanga, don haka mai sauraro yana yin nasa binciken da kunnensa. Gidan rediyon BBC ma ya fara mayar da labaran Mma Ramotswe, mai binciken nan ta ƙasar Botswana, wasan kwaikwayo a 2004, bayan littafin farko ya fito a 1998.

Ina da katin memori mai ɗauke da wani wasa na Hausa irin wannan, kuma idan aka ɗauke wuta a gidanmu na unguwar Birni a Damagaram bayan sallar isha'i, nakan sa shi a ƙaramar rediyo mai caji a tsakar gida. Mahaifiyata, wadda ba ta karanta boko, ita ce ta riga kowa faɗin wanda ya sace ragon layya, tun a kashi na uku, saboda ta lura muryarsa na rawa duk lokacin da aka ambaci igiya. Jikokinta sun yi ta musu da ita har ƙarshen wasan ya ba ta gaskiya.

Littafin kuwa yana da cikakken bayanin da masu shirya wasa kan yanke saboda lokaci, amma wanda na saya bugu ne marar kyau, kuma tun da na gama shi yake cikin akwati.

Ki yi hattara da wasu masu tura wasanni a waya a kewayen kasuwar Dole. Akwai masu ba da karatun littafi na mutum ɗaya su ce wasan kwaikwayo ne, akwai kuma masu cika kati ba tare da kashin ƙarshe ba, wanda a cikinsa ne ake tona asirin mai laifi. Kafin ki biya ko dala, ki sa a kunna miki kashin farko da na ƙarshe a gabanki, ki tabbata kin ji muryoyi daban-daban, sannan ki ƙirga kashin da kanki ki ga lambobin suna bin juna.