Darasin Latin na National Archives: ya biya min buƙata, amma akwai sauran aiki

Jama'a duk wanda karatu ko bincike ya haɗa shi da tsofaffin takardun wasiyya da na kotunan Ingila, to ga shawara kyauta. Na kwashe wata biyu ina bin darasin Latin ɗin da ke shafin The National Archives, ma'ajiyar takardun tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan, kuma gaskiya ba laifi. Ba a biyan ko sisi, mataki biyu ne, Latin ɗin da suke koyarwa kuma na takardun 1086 zuwa 1733 ne, ba na waƙoƙin Rumawa ba. A 1733 ɗin ne doka ta tilasta wa kotunan Ingila komawa rubutu da Turanci.

Abin da ya kai ni, wata wasiyya ce ta ƙarni na 17. Jikinta da Turanci, ina ta karantawa ina jin daɗi, ina kaiwa ƙasa kawai sai yare ya canza, ashe kotun coci ce ta sa hannu, don su ke tabbatar da wasiyya har zuwa 1858. Na zuba wa injin fassara, wallahi shirmen da ya ba ni ko dariya ban iya yi ba.

Bayan darasi na biyar ko na shida na koma kan wannan sakin layin, sai na ga ashe magana ɗaya suke ta maimaitawa kamar karatun allo. Probatum fuit, an tabbatar da wasiyyar. Coram, a gaban wane. Relicta ita ce matar da mamacin ya bari, executrix kuma wasiyyiya, juramento da rantsuwar wane, nuper na nufin kwanan baya, shi ya sa za ka gan shi gaban sunan garin da mamacin ya zauna. Inda darasin ya fi burge ni shi ne ƙarshen kalma, don harafi ɗaya kacal ke raba filius Johannis, ɗan John, da a ce John ɗin ne ɗan, kuma a maganar gado ai ka san wannan ba wasa ba ne.

Ni da kaina na tafka kuskure da nepos, na rubuta jika hankalina kwance, ashe tana iya zama ɗan ɗan'uwa, sai da sauran sunayen suka ƙi daidaituwa na farga, bishiyar dangin gaba ɗaya na sake zanawa.

Amma fa kar ka ɗauka kana gamawa za ka ɗau takarda ka karanta sumul. Nahawu daban, hannun magatakarda daban. Mutanen nan guntule kalma suke su ɗora mata ɗan layi a ka, ka ga 7bris ka ce Yuli ne alhali Satumba ce, Xbris kuma Disamba, ga shi kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take kamawa. Karatun tsohon rubutu darasinsa daban a shafin, shi nake fama da shi yanzu, har yau r da c rikita ni suke.