Darussan Faransanci na yamma ga mai neman aikin sakatare

Na shafe watanni shida ina halartar darussan Faransanci na yamma a wata cibiya da ke Kano, da niyyar neman aikin sakatare mai harshe biyu, ko dai a Ma'aikatar Harkokin Waje ko a hedikwatar ECOWAS da ke Abuja, inda ake gudanar da aiki da Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne muhimmancin da malamarmu ta bai wa wasiƙun ofis. Takan raba mana wasiƙa da Ingilishi mu mayar da ita Faransanci, sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da jan biro, musamman a kan doguwar jimlar girmamawa da Faransawa ke rufe wasiƙa da ita, wadda ta bambanta gwargwadon muƙamin wanda ake rubuta wa. Shirin jarrabawar DELF matakin B2, wato jarrabawar shaidar ƙwarewa a Faransanci, ma bai yi laifi ba. Sassanta huɗu ne, wato sauraro da karatu da rubutu da magana, kowanne da maki 25, kuma sai da maki 50 ake ci.

Inda cibiyar ta gaza shi ne buga rubutu a kwamfuta, alhali shi ne ƙashin bayan aikin akawu. Ba a taɓa nuna mana allon bugu na AZERTY, wato irin wanda Faransawa ke amfani da shi ba, sai da na saya da kuɗina na koya a gida.