Kafin ka sayi manhajar ajiye bayanan kasuwa, ka duba tambayar da take rubutawa

'Yan kasuwarmu na Mile 12 da Alaba Rago a Legas sun fara ajiye littafin bashi suna komawa kwamfuta, kuma masu tallar manhaja duk bakinsu ɗaya: ba sai ka iya SQL ba, wato yaren da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, manhajar ce za ta rubuta wa rumbun bayanai tambaya da kanta. Tana rubutawa kam. Amma a nan matsalar take ɓuya.

Microsoft Access shi ne mafi sauƙi. Ka jawo tebur, wato jadawalin bayanai, ka zaɓi abin da kake so, ya haɗa tambayar, kuma yana bari ka buɗe ka karanta ta. Ya ishi shago ɗaya, sai dai fayil ɗinsa ba ya wuce gigabait 2, kuma yana wahala idan mutane da yawa suka hau shi lokaci guda.

Manhajojin rahoto irin su Metabase da Power BI sun fi ƙayatarwa, kuma a kansu na fi jin tsoro. A ce ka sayar wa wata mata buhunan albasa na naira 600,000, ta biya a kashi uku. Idan aka haɗa teburin ciniki da teburin biya ba a lura ba, cinikin nan zai fito sau uku, jimilla ta nuna 1,800,000. Babu gargaɗi, babu jan rubutu. Da wannan lissafin Alhaji zai aika a ɗauko masa kaya daga Arewa.

Sai wadda mai shirya manhaja zai gina maka da kayan aikin gina manhaja irin su Django, Laravel ko Hibernate. Ciwonta daban: maimakon tambaya ɗaya, sai ta ɗauko sunayen abokan ciniki 500, sannan ta koma ta tambayi bashin kowanne ɗai-ɗai, tambaya 501 ke nan. Ranar gwaji da suna goma ba za ka gane ba, sai bayan kasuwa ta cika shafin ya riƙa jan ƙafa. Maganinta sananne ne, a Django ana kiransa select_related da prefetch_related, don haka ka tambayi mai ginin ko ya yi amfani da su. In ya yi ta kame-kame, nemi wani.

Manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira kuwa, waɗanda kake yi wa tambaya da magana, suna iya ƙago sunan wani sashen tebur da babu shi, ko su ɗauki kuɗin da ya shigo a matsayin riba. Ban yarda a ba su damar gogewa ko canza komai ba, karatu kawai.

Ni a ganina, mai shago ɗaya ya tsaya a Access. Mai rassa a Agege da Idi Araba ya sa a gina masa tasa a kan rumbun bayanai na PostgreSQL ko MySQL, inda umarnin EXPLAIN ke nuna yadda tambaya ke aiki. Kowacce ka zaɓa, kafin ka biya ka zuba mata cinikin wata guda daga littafinka, har da na masu biya kashi-kashi, ka gwada jimillarta da wadda ka lissafa da hannu.