Mayen ƙarfe a mashin: na notin juye ko wanda ake liƙawa don danja?

Malam, ni duka biyun na taɓa saya, to bari in faɗa maka gaskiya tsakani da Allah.

Na notin juye dai, wato notin da ake kwancewa a zubar da tsohon baƙin mai, ban taɓa nadamarsa ba. Wani tsohon bakanikena ne a Fagge ya sa min a Boxer ɗina, ranar da muka zo juye na gaba ya kwance notin ya miƙo min yace "ɗan taɓa ka ji", wallahi kan notin duk wani baƙin gari ne laushi kamar kwalli, ashe garin ƙarfe ne da giya da kulochi ke ci suna zubarwa. Ka san irin mashinan namu baƙin mai ɗaya ne ke zagaya inji da giya da kulochi gaba ɗaya, to duk abin da mayen ko filta ba su kama ba yawo zai ci gaba da yi a ciki. Tun ranar nake duba shi duk juye, in garin mai laushi ne ba komai, in ka fara ganin ɓarɓashi manya to akwai abin da ke cinyewa, a buɗe tun da wuri. Sai dai baya kama alminiyon, kuma ba zai hana ka juye kan lokaci ba.

Na danja kuwa, wanda ake liƙawa a mashin wai don danja ta ji shi ta ba ka hanya, kuɗina kawai na zubar. Abin na su Amurka ne inda ake binne waya a kwalta tana jin ƙarfen abin hawa, kuma ko a can ƙarfen take ji, mayen ba wani abu yake ƙarawa ba. Mu nan danja lokaci take ƙirgawa, ko buhun mayen ƙarfe ka ɗauro sai ta gama. Nawa ƙusoshi kawai ya dinga tsinto min a titi.

Sannan kayi hattara da masu cewa na waje ne orijinal, wasu gam kawai suke sa wa ɗan mayen a kan noti, inji na ɗaukar zafi ya ɓalle ya faɗa ciki, ka ga an koma gyaran gangar auzinawa. Haka masu tallan wanda ake ɗaurawa a tiyon fetur wai yana rage shan mai, ƙarya ce.

Ka sayi na notin kawai. Ka tafi da tsohon notinka a gwada zaren su yi daidai, kar a matsa maka wanda zai cinye ramin.