Idan karenka na jan gindi a ƙasa: kabewa, maganin kanti, ko likita?

Duk mai kare a gida, na gadi ne ko na sha'awa, ya san yadda yake zama a kan siminti ya ja gindinsa gaba yana waiwaye, ko ya yini yana lasar ƙarƙashin wutsiya, ga wani ƙarni kamar na ruɓaɓɓen kifi. Yawancin mutanenmu cewa suke tsutsar ciki ce. Wani lokacin ita ce ɗin, amma sau da yawa wasu 'yan jakunkuna ne guda biyu a gefen dubura, idan ka kwatanta da fuskar agogo suna wajen ƙarfe 4 da ƙarfe 8. Ruwa mai wari suke tarawa, kuma kashi mai ƙwari ne ke matse su idan yana fita. Kashi ya yi laushi na kwanaki, ruwan ya taru ya daskare, jakar ta toshe. Daga nan sai kumburi, sai mugunya, sai ƙurji ya fashe a gefen dubura. Ƙananan karnukan turawa da masu ƙiba su suka fi fama.

Ni dai kuɗina yana kan kabewa. Tunda asalin matsalar daga kashi take, to a gyara kashin. Kabewa tana ƙara masa auki ta kuma daidaita shi, kuma a Yankaba ko Kasuwar Rimi da kuɗi kaɗan za ka sayi yanki da zai kai ka kwanaki. A fere, a cire 'ya'yan, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba mai ba magi, a dama ta yi laushi. Ƙaramin kare cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a cikin abincinsa, babban kare na gadi babban cokali biyu zuwa uku. A fara da kaɗan, don idan ta yi yawa zawo za ta sa shi, ka ga an koma gidan jiya. Ragowar a zuba a ƙananan robobi a sa a firiza, idan wuta ta yarda. Amma fa kabewa ba za ta yi komai ba muddin ana ci gaba da juye masa ragowar tuwo da miya mai maiƙo da yaji. Albasar da ke cikin miyarmu ma guba ce ga kare, jajayen ƙwayoyin jininsa take lalatawa. A kuma sake shi ya zaga. Karen da ya yini ɗaure da sarƙa ƙiba kawai yake yi.

Magungunan kanti na wannan matsalar, irin su Glandex da ake shigowa da su daga Amurka, ka juya gwangwanin ka karanta: 'ya'yan kabewa na cikin abin da aka haɗa shi da shi. Dala za ka biya. Tiyatar cire jakunkunan kuwa ta karen da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ce, wani bayan ita ba ya iya riƙe kashi, kuma sai wuri irin asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya zan yarda a yi wa nawa.

Idan jakar ta riga ta toshe, kabewa ta makara, sai an matse. Likitan dabbobi zai sa safar hannu da man santsi, ya shigar da yatsa, ya matse kowace jaka ɗaya bayan ɗaya, ya duba abin da ya fito. Ruwan ƙasa-ƙasa mai sauƙin fita lafiya ne. Mai kauri, ko mai jini da mugunya, sai an wanke jakar an ba da magani.

A nan 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Sun san da yawanmu ba ma son taɓa kare, balle ƙarƙashin wutsiyarsa, sai mu bar wa mai gadi. Wani zai zo a babur da baƙar jaka cike da allurai, ya ce shi “dokta” ne. Irinsu ne ya riƙa zuwa yana matse mini kare ta waje da ƙarfin tsiya, lafiyayye da mara lafiya duk ɗaya, yana cewa ƙa'ida ce a yi a kai a kai, har wurin ya kumbura ya fashe, kuda ya samu wurin zama. Karen da ba ya jan gindi ba ya bukatar matsa. Yawan matsar ita kanta rauni ce. Ka tambayi mutum rajistarsa da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN. Likita na gaskiya ba ya fushi da wannan tambayar. Ka tambaye shi ina asibitinsa yake, ka je ka gani da idonka. Duk wanda ya zaro allura tun kafin ya ɗaga wutsiyar kare ya duba, ka sallame shi. Kar ka karɓi ruwan da aka zuƙo a sirinji tun daga gida, ka ce sai ka ga kwalbar, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu tallar magani a Instagram da WhatsApp ma akwai masu zuba ƙwayoyi a leda ba suna, akwai masu liƙa sabuwar takarda a kan tsohuwar rana, ga wanda ya sha zafin shago har ya manne da juna. Wanda kuma ya ce ka ba kare ibuprofen ɗinka don zogi, ƙodarsa da cikinsa zai kashe maka.

Kafin ka biya ko sisi, ka ce a nuna maka audugar da aka tare ruwan da ita.