Kafin ka sayi heda: wacce za ka zaɓa, kuma yaya wayoyi za su tsira daga zafinta

Motoci da yawa suna fitowa daga kamfani da manifol na zubin ƙarfe, mai nauyi da kauri, wanda ke tattara hayaƙin dukkan silindoji wuri guda ya miƙa shi ga salansa. Heda kuwa, wadda ake sawa a madadin manifol don ƙara wa injin ƙarfi, tana ba kowace silinda nata bututun, sai can gaba bututan su haɗu a mahaɗa. Idan hayaƙi ya fita da gudu daga silinda ɗaya, yakan bar raguwar matsi a bayansa, kuma idan tsawon bututu da faɗinsa sun dace, wannan raguwar tana taimakawa wajen zuƙo hayaƙin silinda ta gaba. Daga nan ƙarin ƙarfin ke zuwa.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne zafi. Idan injin fetur yana aiki da ƙarfi, hayaƙinsa yakan kai digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Selsiyos. Zubin ƙarfe yana da kauri, kuma kamfani yakan rufe shi da faranti mai kare zafi. Bututun heda siriri ne, jikinsa ya fi yawa, yana ratsa wuraren da a da babu komai mai zafi, ga shi farantin kamfani ba ya zama a kansa. Rufin wayar mota na PVC kuwa an yi shi ne don digiri 85 zuwa 105. Shi ya sa muke ganin kuɗin heda da kuɗin kariyar wayoyi lissafi ɗaya ne, a rana ɗaya ake yin sa.

Gajera ko doguwa

Gajerar heda tana zama daidai gurbin tsohon manifol, ta haɗu da sauran salansa ba tare da yanka ba, katalis mai tsaftace hayaƙi da sensar oksijin mai auna iskar cikin hayaƙin duk suna nan inda suke. Ƙarin ƙarfinta kaɗan ne, amma ita ce mafi sauƙin ɗaurawa. Doguwar heda ta fi ba da ƙarfi sosai, musamman daga tsakiyar juyin injin zuwa sama, sai dai bututanta suna gangarawa ta gefen sitata, sandar sitiyari, bututun birki da na kuloci. Takan tilasta a matsar da katalis baya, a ƙara wa wayar sensa tsawo, sau da yawa kuma a sake saita ƙwaƙwalwar injin, in ba haka ba fitilar gargaɗi ta kunna. A ƙasashe da dama cire katalis daga motar da ke hawa titi laifi ne. A jihar Kaliforniya ta Amurka ma sai heda tana ɗauke da lambar amincewar CARB, hukumar kula da tsaftar iska ta jihar, don haka ka binciki dokar inda kake kafin ka biya.

A injin mai silinda huɗu akwai wani zaɓin: ko bututu huɗu su haɗu lokaci guda, wato 4-1, ko su fara haɗuwa biyu-biyu sannan su zama ɗaya, wato 4-2-1. A tsari na biyu ana haɗa silinda ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, saboda yadda wuta ke tashi a jere 1-3-4-2. Motar zirga-zirgar yau da kullum ta fi jin daɗin 4-2-1, domin ƙarfinsa a tsakiya yake, inda ƙafa ta fi zama. Tsarin 4-1 na wanda ke kai injin ƙurya ne.

Kada faɗin bututu ya ruɗe ka. Idan ya yi wa injin yawa, gudun hayaƙi yana raguwa, mota ta yi nauyi wajen tashi. Ƙaramin V8, wato injin mai silinda takwas, da ba a taɓa cikinsa ba, inci 1 da 5/8 ko 1 da 3/4 ya ishe shi.

Ƙarfen da aka yi ta da shi

Ƙarfe na gama-gari shi ne mafi araha, kuma shi ya fi saurin tsatsa. Fentin da yake zuwa da shi galibi na ajiya ne kawai, yana ƙonewa a tashin farko. Sitenles mai lamba 409 yana yin jan tsatsa a sama amma yana daɗewa bai huje ba. Mai lamba 304 ya fi shi jure tsatsa nesa ba kusa ba, launinsa ne kawai ke komawa ruwan zinariya ko shuɗi saboda zafi, kuma shi muke ba mafi yawan mutane shawara su saya. Akwai 321 da aka sa wa titaniyam don jure zafi mai tsanani, amma wannan sai injin turbo ko motar tsere.

Abu biyu za ka auna da hannunka. Na farko kaurin bututu: milimita 1.6 shi ne daidai, milimita 1.2 ya fi sauƙin nauyi amma ya fi saurin tsagewa kusa da walda. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, kaurin farantin da ke manne da kan injin. Nemi milimita 9 zuwa 10. Siririn faranti yana lanƙwashewa da zafi, gasket ya ƙone, hayaƙi ya riƙa tsartuwa ta gefe, kuma wannan tsartuwar kamar harshen wutar walda take ga duk wayar da ke kusa. Ɗora rula ta ƙarfe a fuskar farantin ka ɗaga shi zuwa haske. Idan haske yana ratsawa ta ƙarƙashi, mayar da ita tun ba ka ɗaura ba.

Shafen seramik ko naɗi

Hanya biyu ce ta tsare zafi a cikin bututu. Shafen seramik siririn rufi ne da ake fesawa a gasa, wanda ya fi kyau shi ne na ciki da waje. Yana rage zafin da ke fitowa, yana hana tsatsa, ba ya riƙe ruwa ko mai. Aibinsa tsada, da kuma cewa sifana na iya karce shi wajen ɗauri. Idan injin sabon haɗi ne da ba a gama saita shi ba, bari sai ya daidaita kafin ka sa mai seramik, domin zafin injin da fetur ya yi masa kaɗan ko lokacin wutarsa ya yi jinkiri na iya dusar da shafen.

Naɗi kuwa tsiri ne na zaren gilashi ko zaren dutsen basalt da ake nannaɗewa a jikin bututu, kowane zagaye ya hau kan na baya da kamar milimita 6, a ɗaure bakinsa da maɗaurin sitenles. Gaskiya yana rage zafin cikin bonet ƙwarai, kuma ba shi da tsada. Amma yana shan ruwa ya riƙe, ƙarfe na gama-gari ya ruɓe a ƙarƙashinsa ba a gani. Yana sa jikin bututun ya fi zafi, wanda ke gaggauta tsagewa, shi ya sa masu ƙera heda da yawa ke janye garantinsu idan an naɗe. Mafi haɗari, idan baƙin mai ya ɗiga a kansa ya jiƙe, ya zama lagwani. Mu dai in kuɗi ya isa, seramik muke zaɓa. Naɗi sai a ɗan guntun wurin da bututu ya matse da wani abu kuma babu yadda za a yi.

Wayoyi

Kariya ta farko tazara ce, kuma ba a sayen ta. Duk wayar da za a iya canza wa hanya, a canza mata. Milimita 50 tsakaninta da bututu ya wadatar a yawancin wurare, ƙasa da 25 kuwa dole a sa riga. Ka tuna injin yana girgiza a kan kujerunsa idan an taka, don haka tazarar da ka gani mota na tsaye ba ita ce ta kan hanya ba. A kafe wayar da maɗauri mai bakin roba da ake ɗaurewa da noti. Maɗaurin leda yana bushewa da zafi ya karye, wayar ta faɗo kan bututu.

Rigunan waya iri biyu ne, aikinsu ba ɗaya ba. Mai ƙyalli, wadda aka lulluɓe zaren gilashi da alminiyam, tana mayar da zafin da ke tahowa ta iska, amma sai da tazara take aiki, kuma ƙyallin ya fuskanci bututu. Idan ta taɓa ƙarfe mai zafi, alminiyam ɗin da kansa zai kai zafin ciki. Ta biyu zaren gilashi ce da aka shafe da robar silikon, galibi ja ko ruwan lemo, tana jure digiri 260 a kai a kai, ba ta shan mai, ta fi dacewa da tiyon fetur da babbar wayar sitata. Baƙar rigar nan mai tsaga ta leda da ake gani a kan tarin wayoyi ba kariyar zafi ba ce ko kaɗan, narkewa take yi.

Idan waya ta riga ta ƙone har za a sauya ta, kada a mayar da PVC. Masu lamba GXL ko TXL suna jure digiri 125, mai rufin silikon 180 zuwa 200, mai rufin PTFE, wato Teflon, har 260.

Wayoyin fulogi su ne suka fi kusa da wuta. Alamar ƙonewarsu ita ce injin ya riƙa tsallen wuta bayan ya ɗau zafi, kuma cikin duhu za ka iya ganin tartsatsi na tsalle zuwa bututu. Zaɓi hular fulogi mai kusurwar da ke kauce wa bututu, miƙaƙƙiya ko digiri 90 ko 135, ka sa mata safar zaren gilashi. Inda wuri ya matse sosai akwai hular seramik. Sitata ma yana shan wahala: idan ya cika da zafi, juriyar wayoyin cikinsa tana ƙaruwa, sai ya riƙa juyawa a hankali ko ya ƙi gaba ɗaya sai ya huce. Farantin alminiyam mai tazarar iska ko bargon sitata yana magance wannan. Wayar sensar oksijin kuwa kada a yanke ta a yi mata dalma, domin wasu sensoci ta cikin wayar suke samun iskar da suke kwatanci da ita. Sayi ƙarin waya mai soket a kowane baki. Bututun birki ma a duba shi da kyau, saboda man birki na DOT 4 da ya sha danshi yana iya tafasa tun daga digiri 155, birki ya yi laushi a ƙafa.

Ranar ɗauri

Injin ya huce sarai, a cire kan batir na nagatif, domin babbar wayar sitata kullum da wuta take. Tun ana gobe da daddare a fesa wa tsofaffin notuna man sassauta tsatsa, karyewar ƙusa a cikin kan injin na alminiyam aiki ne babba. A kankare tsohon gasket tsaf. Sabon ya zama na ƙarfe mai hawa-hawa ko na girafait mai ƙarfe a ciki, ba na takarda da ke zuwa da heda mai araha ba. A shafa wa zaren kusoshi man hana kamewa na tagulla ko nikel, a fara ɗaura dukkansu da yatsa, sannan a matse daga tsakiya zuwa gefe da sifanar auna ƙarfin ɗauri, gwargwadon adadin da littafin motar ya faɗa. Rigunan waya da bargon sitata a sa su kafin heda ta shiga, bayan ta shiga hannu ba ya kaiwa. A goge sitenles da alkohol kafin tayar da injin, in ba haka ba shatin yatsu zai gasu a jikinsa.

Bayan mota ta ɗau zafi ta huce sau biyu ko uku, a sake bin kusoshin da sifana, domin gasket yana kwanciya su sassauta. Ƙarar tik-tik da safe wadda ke ɓacewa idan injin ya yi ɗumi, ko baƙin shatin hayaƙi a bakin faranti, alamar yoyo ce. A wannan dubawar ka bi kowace waya da ke kusa da yatsa, idan rufinta ya yi tauri ko ya canza launi, matsar da ita a ranar.