DT-2234C+: ƙaramar na'urar da ke ƙirga juyin inji

Masu injin niƙa a Dakata da masu gyaran janareta a Sabon Gari sun saba auna gudun inji da kunne. Kunne kuwa ba ya faɗin lamba, wannan na'ura tana faɗa. Batiri ɗaya mai bolt 9 take ci, kuma da 'yar takarda mai ƙyalli take zuwa. A kashe injin, a goge fulin (ƙafar da bel ke zagayawa a kai) da tsumma, a manna guntun takardar, a tayar, sannan a haska jan hasken da na'urar ke fitarwa a kan takardar daga tazarar kamar taƙi ɗaya. Nan take za ta nuna juyi nawa yake yi a minti.

Ƙaramin janareta ya kamata ya ba da 3,000. Motar lantarki mai juyi 1,440 da fuli inci 4, in tana jan fuli inci 8, to 720 ake nema a babban fulin. In aka ga 650, bel ne ke zamewa, a ɗaure shi ko a sake sabo.

Raunin na'urar shi ne juyi kawai take faɗa, gudun bakin faifan yankan ƙarfe sai ka lissafa da kanka, kuma masu walda nan hatsarin yake. Faifan yankan ƙarfe mai faɗin milimita 115, mayar da shi mita tukuna: 0.115. Ninka da 3.14, zagayensa ya zama mita 0.361. Injin da ke juya faifan yana juyi 11,000 a minti, raba da 60, kusan 183 ke nan a daƙiƙa. Ninka su biyun, mita 66 a daƙiƙa, ƙasa da 80 ɗin da aka saba rubutawa a jikin faifai a matsayin iyakar gudunsa. Ɗora faifan milimita 230 a wannan injin, lissafin ya haura 130. Abin da ke tarwatsa faifai a fuskar mutum ke nan, don Allah a daina.

Tsakar ranar Kano tana rikita ta, sai an yi mata inuwa. Fuli mai sheƙi yakan sa ta ƙirga juyi ɗaya sau biyu, a shafa masa baƙin fenti. Ƙurar gari kuma tana rufe idonta.

Ga mai gareji ko mai injin niƙa ta cancanci kuɗinta, amma a gwada ta a kan fanka kafin a bar shagon.